Baikonmu Ba Jirgin Sama Yake Saya Ba

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Shirinku na daren Asabar ne ya sa na rubuto, domin har yanzu raina bai huce ba. Baƙonku ya buɗe baki ya ce duk kuɗin da Kirista ke sakawa a coci aljihun fasto yake shiga, mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya wuce. Ko mutum ɗaya da ya taɓa ƙirga baiko, wato wannan kuɗin da ake sakawa a coci, ba ku gayyata ba.

Ni ce ma'ajin Zumuntar Mata a majami'armu, kuma ina cikin masu zama bayan sujada a ƙirga. A gaban dattawa ake juye jakar a kan tebur. Me ke fitowa? 'Yan ₦50, ₦100, in an dace ₦500, wasu sun sha gumi sun yi laushi, wasu an liƙe su da salatif, wata ma tana ƙamshin daddawa domin daga bakin zanen mai sayar da ita ta fito. Fasto ba ya ko taɓa su. Sakatare ya rubuta, ma'aji ya sa hannu, ƙarshen wata a karanta rahoto a gaban kowa, kuma akwai tsofaffin da sai sun tashi sun tambayi inda kowane kwabo ya shiga. Albashin fastonmu kuwa, da ka ji sai ka tausaya masa. Da damina fartanya yake ɗauka kamar kowa.

Daga cikin wannan ɗan kuɗin ake cire kason gundumar ikilisiya, a biya wuta, a gyara rufi, a aika wa mai bisharar da ke wani ƙauyen da mota ba ta shiga. Baƙonku ya san ikilisiyar ECWA na da ƙungiyar bishara ta EMS, da aka kafa tun 1948, wadda ke tura masu bishara da baikon talakawa irinmu? Ya taɓa leƙa asibitin Jankwano a Jos ya ga matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari, ba a tambayar su addini kafin a ba su gado? Aikin ikilisiya ne wannan.

Bari baƙonku ya zo ranar godiyar kaka ya gani da idonsa. Dammunan dawa, buhunan masara, doya, kabewa, kaji ɗaure da tsumma a ƙafa suna kuka a gaban bagadi har mai wa'azi ya dakata. Mu mata muke auna hatsin da mudu, mu raba wa gwauraye da marayu. Akwai wata tsohuwa Musulma a bayan layinmu da 'ya'yanta suka rasu suka bar mata jikoki. Sunanta na cikin littafina, kuma babu wanda ya taɓa cewa a cire. Lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi a 2014 mutane suka watse, baiko na musamman muka yi, aka sayi barguna da tabarmi, aka kwantar da baƙi a ajujuwan makarantar Lahadi. Wata uwa a cikinmu zanenta na fita unguwa ta kawo, don ba ta da kuɗi.

Akwai fastoci masu jiragen sama da jerin motoci, muna ganin su a talabijin, mu ma abin yana ci mana tuwo a ƙwarya. To a kira su da sunansu a tambaye su! Amma a yi mana kuɗin goro, har ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa abokansa na tsokanar sa wai uwarsa na tara wa fasto kuɗin mota, wannan ban yarda ba. Ku sake shirin, ku kira ma'aji ko sakataren ikilisiya ya zo da littafinsa.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da shi a tsakiyar magana ya ishe mu, ga layin wayarku kullum a cike, kati na ƙarewa ba a ɗauka ba.

Taku mai sauraro,
Ma'ajin Zumuntar Mata, daga Kudancin Kaduna