Zuwa ga abokan cinikinmu: me ya sa sabuwar jakarmu ta fi laushi?

Assalamu alaikum.

Tun da muka sauya yadin jakunkunanmu a watan jiya, wasunku, musamman 'yan sari da iyayenmu mata masu rabon biki, suke kira suna tambaya: jakar ba ta tsayuwa kamar da, ko inganci aka rage? Haƙƙinku ne ku ji amsa.

Wannan yadi ba saƙa shi ake yi ba. Roba ce, irin wadda ake buhun shinkafa da ita, ake narkarwa a tura ta cikin ƙananan huduji ta fito zare-zare, ya zubo a kan bel mai tafiya. Daga nan sai a bi da shi tsakanin ƙarafa biyu masu zafi, su danne shi su liƙe zaren. Ƙananan ɗigogin nan da kuke gani a jikin jaka, nan ne wuraren liƙin. Robar tana narkewa ne a wajen digiri 160. In zafi ya yi yawa ko aka matse sosai, yadin zai fito a sandare kamar shaddar da ta sha sitati. A ido ya burge, amma zaren da ke gefen kowane ɗigo ya raunana, kuma ta nan yake fara tsagewa. Wasu masana'antun ma garin alli suke ƙarawa, yadi ya yi nauyi a sikeli alhali ƙarfinsa ya ragu.

Tsohon yadinmu irin mai sandarewar ne. Da kuka riƙa dawo mana da jakunkuna masu tsinkakken hannu, abin ya dame mu ƙwarai, shi ya sa muka bar shi. Sabon yadin nauyinsa ɗaya da tsohon, giram 80 a kowane murabba'in mita, sai dai yana lanƙwasuwa ba ya karyewa.

Akwai kuma batun yanka. Yawancin zaren yana kwanciya ne ta inda bel ya nufa, don haka yadin ya fi jure ja ta tsawo. Ta nan muke yanka hannun jaka yanzu, ko da za mu yi asarar ƙyalle.

Don Allah kada a sa mata dutsen guga, kada kuma a bar ta kwanaki a rana, domin rana na cin wannan robar. Mai son jaka mai tsayuwa saboda buga suna, muna da mai giram 100. Ku biyo shago mu ba ku ƙyallen tsoho da sabo, ku ja da hannunku ku gani.

Allah Ya ƙara albarka a kasuwa.

Naku,
Masu ɗinkin jakarku a Kano