Jagororin wasan D&D a Katsina, a daina tauye wa ɗan sanɗa haƙƙinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata doka da ake yawan karkatarwa a wasan Dungeons & Dragons, wanda wasu matasanmu a nan Katsina ke zama a kai bayan la'asar, a zaure ko a ɗakin ɗalibai. Ga wanda bai san shi ba, wasan labari ne da ake yi da baki. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi, aka fara fitar da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jagora, shi ke tsara labarin yana riƙe da abokan gaba, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda. In an zo kan abin da ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa dayis. Ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cinye wani, don haka kada a haɗa shi da caca.

Maganata kan jarumin da 'yan wasa ke kira rog ce, wato ɗan sanɗa, da harinsa na shammata, wanda ke ƙara masa dayis na ɓarna, a tsarin bugu na biyar wanda ya fito a 2014. Jagorori da yawa sunan kawai suke ji su yanke hukunci: sai ɗan sanɗa ya ɓuya, ya lallaɓo ta baya ba a gan shi ba, sannan a ba shi ƙarin dayis. Ba haka dokar take ba, kuma wannan kuskure yana kashe wa ɗan wasa gwiwa.

Sai an fahimci fifiko kafin a fahimci shammata. Kowane hari da dayis mai fuska ashirin ake jefa shi. Mai fifiko yana jefa biyu ya ɗauki babbar lamba, mai naƙasu kuma ya jefa biyu ya ɗauki ƙarama. A ce ɗan sanɗa yana da ƙarin 7 a harinsa, abokin gaba kuma lambar kariyarsa 18 ce. Yana bukatar 11 ko sama da haka a dayis ke nan, don jimillar ta kai 18. Da dayis ɗaya, kashi 50 cikin ɗari zai dace. Da fifiko ya zama kashi 75, da naƙasu ya sauko kashi 25. Samun lamba 20, wadda ita ce sara kan gaɓa, yana tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 10. Fifiko ba ya taruwa. Ko dalilai uku suka ba ka shi, dayis biyu dai za ka jefa. Sannan naƙasu guda ɗaya tal yana soke su duka, ka koma jefa dayis ɗaya kamar ba ka da ko ɗaya daga cikinsu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Harin shammata ƙofofi biyu gare shi. Ta farko, kana da fifiko a kan harin. Ta biyu, wadda ita aka fi mantawa, ba ta bukatar fifiko ko kaɗan: muddin wanda kake kai wa hari yana da wani abokin gaba, kamar ɗan ƙungiyarku, a tsaye kusa da shi, tazarar da ba ta wuce ƙafa biyar ba, wato gida ɗaya a kan taswira, kuma wannan mutumin bai suma ko ya shanye ba, kai kuma ba ka da naƙasu, to shammata ta tabbata. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san wanda aka riƙe wa ƙugu ba ya iya lura da gefensa. Hikimar ke nan. Mayaƙin ƙungiya ya tsare dodo gaba da gaba, ɗan sanɗa ya nemi kafa ya soka. Ba sai ya zagaya baya ba, ba sai ya ɓuya ba, kuma yana iya yi daga nesa da kibiya.

Makami ma yana da sharaɗi. Dole ya zama makamin harbi, kamar kwari da baka ko majajjawa, ko kuma ɗaya daga makaman gwaninta: wuƙa, gajeren takobi, lanƙwasasshen takobi, siririn takobi mai tsini, bulala. A nan akwai tarko. Dokar 2014 ta ba ɗan sanɗa iya riƙe dogon takobi, amma dogon takobi ba ya cikin wannan rukuni, saboda haka duk wanda ya zaɓe shi ya yi asarar shammatarsa. Haka ɗan gatari da mashi: ko an jefa su daga nesa, a lissafin doka makaman gaba da gaba ne, ba su kawo ƙarin dayis. Wuƙa kuwa ko jefa ta aka yi tana kawowa.

Me ya sa na damu haka? Ku duba lissafi. Ƙarin yana farawa da dayis ɗaya mai fuska shida, irin na lido, a mataki na 1, wato matakin farko na ƙwarewar jarumi. Duk bayan mataki biyu sai a ƙara ɗaya: biyu a mataki na 3, uku a na 5, har goma a na 19. Ɗan sanɗa na mataki na 5 mai siririn takobi da ƙarin 4 yana yin ɓarnar maki 8 da rabi a matsakaici in ba shammata. Da ita kuwa 19 ne. A wannan matakin mayaƙi ya samu sara biyu a layi ɗaya, wato duk lokacin da wasa ya zo kansa, da babban takobin hannu biyu yana kaiwa 22 in duka sun shiga. Ɗan sanɗa ba a ba shi sara na biyu, shammata ce madadinsa. Wanda ya hana shi ita ya bar shi da ƙasa da rabin abin da abokinsa ke yi. An gina shi ne don ya same ta kusan kowane layi, ba sau ɗaya a zama ba.

Sau ɗaya ake yin ta a layi, ba a zagaye ba, kuma akwai bambanci. Zagaye shi ne kowa ya yi nasa a dawo farko, daƙiƙa shida a cikin labari. Layi kuwa na mutum ɗaya ne. In ɗan sanɗa ya shammaci dodo a layinsa, sannan dodon ya juya zai gudu a nasa layin, ɗan sanɗa yana da martani guda da zai bi shi da sara, kuma in sharuɗɗa sun cika zai sake zuba ƙarin dayis ɗin. Mai wuƙa biyu kuwa ba zai shammata sau biyu a layinsa ba. Amfanin wuƙa ta biyu shi ne in ta farko ta kuskure, yana da damar gyarawa. In kuma lamba 20 ta fito, duk dayis ɗin ɓarna ake ninkawa har da na shammata, amma ba a ninka ƙarin 4 ɗin nan. A misalinmu matsakaicin ya kai 34.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne wajen naƙasu. Maharbin da abokin gaba ya matso masa ƙafa biyar yana kallonsa, harbinsa na da naƙasu. Harbin da ya wuce zangon farko na baka, ƙafa 80 ga ƙaramin baka, haka. Wanda guba ta kama, haka. Akwai kuma wadda 'yan ƙungiya ke jawo wa junansu ba da sani ba: mayaƙi ya kayar da abokin gaba ƙasa yana ganin ya taimaka. Ga mai sara a kusa, fifiko ne. Ga mai kibiya daga nesa, naƙasu ne, ƙofa ta biyu ta rufe ke nan. Kafin a kayar da mutum, a duba me ke hannun ɗan sanɗa.

Yanzu mu koma kan sokewar nan. Ɗan sanɗa ya sha guba, ga abokinsa tsaye kusa da dodo, amma naƙasu ya hana. In wani ya sadaukar da layinsa ya taimaka masa, ya samu fifiko, su biyun sun soke juna. Ba shi da fifiko, ba shi da naƙasu. Ƙofar farko a rufe take, amma ta biyu ta buɗe, shammata ta halatta. An sha gardama a kan wannan, alhali dokar a fili take.

Hanyar samun fifiko da kansa kuwa, daga mataki na 2 yana iya ɓuya da ɗan aikin gyara da ake ba shi bayan babban aikinsa. Sai dai ɓuya na bukatar abin fakewa na gaske, katanga ko duhu, kuma da zarar ya kai hari ya tona inda yake, ko ya samu ko ya kuskure. Akwai kuma tsayar da saiti a mataki na 3, wanda aka shigo da shi a matsayin zaɓi a 2020, ya zama doka a sabon tsarin 2024: in bai motsa ba, ya samu fifiko a harinsa na gaba, amma ba zai ɗaga ƙafa ba har layinsa ya ƙare.

Wasu jagorori kuma suna cewa ba a shammatar gawa mai tafiya ko mutum-mutumi. Wannan dokar bugu na uku ce, na shekarar 2000, babu ita a na biyar. Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa jagorori, kafin a baza taswira a jefa dayis na farko, a faɗa wa kowa da wane tsari za a yi wasa, na 2014 ko na 2024. A sabon, daga mataki na 5 ɗan sanɗa yana iya ajiye dayis ɗaya daga na shammatarsa don ya yi ƙoƙarin kayar da abokin gaba, ko ya sa masa guba, ko ya janye jiki ba tare da an bi shi da sara ba. A tsohon babu wannan.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina