Godiya ga malaman gidan renon yara na unguwarmu a Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Hajiya shugaba, da malamai, da masu aikin tsafta,

Mu iyaye mata ne na yaran da suka yi dogon hutu a hannunku, suka shiga ajin naziri a watan Satumba ba famfas a jikinsu. Mun ga gara mu yi godiyar a fili, domin koya wa yaro zama a fo ba aikin da ake tafa wa hannu ranar rabon kyaututtuka ba ne, alhali wasu makarantun nan Legas ba sa karɓar yaro sai ya iya neman banɗaki da bakinsa.

Abin da ya fara burge mu shi ne ba ku tsaya ga shekaru kaɗai ba. Kowace uwa sai da kuka tambaye ta: yaron yana kai awa biyu kunzugunsa a bushe? Yana iya sauke wando ya mayar? In kashi ya matso shi, yana laɓewa bayan ƙofa ko ya tsuguna yana nishi? Yawancin yara suna nuna waɗannan alamu tsakanin wata 18 da shekara 3, kuma wanda bai nuna ba kun ce a dakata masa mako uku ko huɗu a sake gwadawa. Wasu sun so a yi sauri saboda tsadar famfas, kuma ba su yi laifi ba, amma gaskiya na wajenku. Yaron da mafitsararsa ba ta iya riƙo ba tukuna, ko za a yini ana ɗora shi a fo, wanki kawai za a ƙara.

Sai maganar harshe, wadda a ganinmu ita ce ta fi komai. Yaranmu Hausa suke ji a gida, malaman kuwa yawancinsu Yarbanci da Turanci suke yi. Yaro ɗan shekara biyu ya ja zanen malama ya ce "tutu", in ba ta gane ba, kafin ta waiwayo aikin gama ya gama, shi kuma daga ranar ya daina faɗa. Kuka sa kowace uwa ta rubuta kalmar da ɗanta yake amfani da ita, kuka manna a bango saman layin fo: tutu, kashi, fitsari. Malamai suka haddace, ba su tilasta wa yaro sabuwar kalma ba. Kowane fo kuma da alamarsa a gefe, wannan kifi, wancan mota, don haka yaron da bai san harafi ko ɗaya ba yana zuwa kai tsaye kan nasa.

Lokutan da kuka tsara ma ba su da wuyar bi a gida: da tashi daga barci, minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci saboda a lokacin hanji yake motsawa, kafin barcin rana, sannan duk bayan awa biyu. Zama bai wuce minti biyar ba. Ya yi, a yaba masa; bai yi ba, a ɗaga shi ba tare da an ɓata fuska ba. Kun nemi wando biyar ko shida mai roba a ƙugu cikin jakar kowane yaro, da leda ta saka jiƙaƙƙu, kuka hana wandon jins mai maɓalli da bel. Dalilin cire famfas da rana shi ne yana tsotse fitsari, yaro ba ya jin danshi balle ya gane abin da jikinsa ya yi. Da damina shanya takan kwana biyu a igiya ba ta bushe ba, shi ya sa yawaita wandunan ya zama dole.

Kun kuma buɗe mana ido kan taurin bayan gida, wanda shi ne ke rushe aikin a ɓoye. Yaro ya taɓa yin kashi mai tauri ya ji zafi, sai ya riƙa matsewa. Kashin da ya daɗe a ciki hanji na ƙara tsotse masa ruwa, ya ƙara tauri, gobe zafin ya fi na jiya. Har takan kai ruwan kashi yana zurarowa ta gefen mai taurin ya ɓata wando, uwa ta ɗauka gudawa ce ko ganganci. Maganinku ba tsawa ba ne: ruwan sha a kai a kai, gwanda, kankana, lemo da totuwarsa, wake, miyar ganye, a rage biskit da burodi. Wanda za a ɗora a masai na zama a sa masa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa, gwiwa ta ɗan ɗara ƙugu, don ƙafar da ke lilo ba ta ba da ƙarfin yunƙuri. In an ga jini, ko yaro na kuka wajen fitsari, ko zazzaɓi ya biyo, kun ce asibiti za a nufa.

A wajen tsarki kun mutunta tarbiyyarmu. Kun sayi ƙananan butoci daidai hannun yaro, kuka koyar da hannun hagu, 'ya mace daga gaba zuwa baya saboda kada ƙwayoyin cuta su shiga mafitsara. Babba yana tsaye a kai, tunda yaro kan kai shekara huɗu ko biyar kafin ya iya tsarki mai kyau shi kaɗai. Bayan nan wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20.

Masu aikin tsafta, sannunku da ƙoƙari. Fo ba ya kwana da ƙazanta a wajenku: a juye a masai, a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan bilic, a kife ya bushe. Ku ne kuka gargaɗe mu kada a haɗa bilic da maganin wanke masai, saboda iskar da haɗin yake fitarwa tana cutar da huhu. A gidajen haya da ɗaki goma ke layin banɗaki ɗaya, akwai masu juye fo a kwata da asuba, kun kuma yi magana a kai ba kunya. Duk wanda ya ga ɓarkewar kwalara a Legas a watan Yunin 2024 ya san dalili.

Hanya kuwa sai dabara. A zaunar da yaro a fo kafin a fita, a rage masa lemon kwalba, in tafiyar danfo ce, wato bas ɗin haya, mai tsawo kamar zuwa Idi-Araba ko Obalende, a sa masa famfas a kan wandonsa, domin cunkoso ba ya sanarwa. Fitsarin kwance kun ce a ware shi daban: riƙon dare na zuwa da girman jiki, kuma har shekara biyar ba abin damuwa ba ne. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, a bar duka da gori. Yaron da ya koma ɓata wando bayan an yi masa ƙane, ko bayan an dawo daga Sallah a Arewa, a mayar da shi kan jadawalin farko na 'yan kwanaki, zai dawo hanya.

Roƙonmu ɗaya ne, Hajiya: takardar jadawalin nan a buga ta da Hausa ma, don kakanni da 'yan aikin da ke yini da yara a ƙarshen mako su iya bi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci sana'arku.

Naku,
Iyayen yaran ajin fo, Agege, Legas