A daina rufe maganar haɗari da "mun yafe" tun mara lafiya yana gadon asibiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da haɗuran mota a hanyoyinmu, musamman irin su Kano zuwa Zariya.

Tirela ko tifa ta bugi ɗan adaidaita, direban yana tsula gudu ko birki ya lalace tun tuni mai motar ya ƙi gyarawa, ƙafa ta karye wani lokacin ma sai an yanke. Kwana biyu sai ga mai mota da dattawa an zo dubiya da lemo da ɗan kuɗin magani a ambulan, 'yan uwa su ce ƙaddara ce mun yafe, shi kuma mai raunin yana kwance ko magana bai iya yi sosai balle a tambaye shi. Bayan wata shida babu sana'a, yara sun bar makaranta, matar tana sayar da kayan ɗaki, mai mota kuwa ko waya ba ya ɗauka.

Wallahi duk mun yarda da ƙaddara. Amma Allah da kansa a Suratun Nisa'i aya ta 92 ya wajabta diyya a kisan kuskure, sai in magada sun yafe da kansu, kuma malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi dalla-dalla. Toh yafiyar rauni ta wanda aka ji wa ciwo ce, ba ta kawu ko mai unguwa ba.

Inda ake yin asara shi ne hujja. Alƙali ba ya aiki da "kowa ya gani", sai ka nuna masa direban ya yi sakaci kuma sakacin ne ya jawo raunin, sannan ga abin da ka rasa. Saboda haka tun a wajen a ɗauki hoton lambar mota da yadda motocin suka tsaya da sawun taya a kwalta kafin a janye su, a karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, a kira jami'an kiyaye haɗura a 122, a tabbatar 'yan sanda sun rubuta rahoto. Rasit na asibiti, hoton ƙashi, takardar likita, ko na kemis ne kar a yar.

Kuma mutane da yawa ba su san inshorar nan da ake tilasta wa masu mota ba don irin wannan aka yi ta. Tun farkon 2023 ta koma naira 15,000 ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, sannan tana biyan diyyar rauni da rasa rai, in dai takardar ba ta bogi ba ce. Idan kuma motar hukuma ce a yi hanzari sosai, don akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa a jiharsa, suna karɓar ƙarar haɗari ta marasa hali. Ina roƙon jaridarku ta samo lauya da malamin fiƙihu su riƙa amsa tambayoyin masu karatu kan wannan ko da sau ɗaya ne a wata.

Naku,
Mai karatu daga Kano