Zuwa ga Babana da ke Legas

Assalamu alaikum Babana, barka da shan ruwa, ya ibada, ya kuma haƙuri da wannan zaman kulle na cutar korona. Mu nan duk lafiya lau alhamdulillahi, Abbanku yana gaishe ka, jininsa bai hau ba kwana biyun nan kuma yana shan maganinsa a kan lokaci, ƙannenka ma duk kalau suke.

Na ga gara in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari a yi doguwar magana, da na ce ya kake sai ka ce lafiya lau Umma, ka yi maza ka kawo zancen caji ya kusa ƙarewa. Ni na haife ka fa, na san muryarka in kana lafiya, na kuma san ta in ba ka yi barci ba. Yayarka ta ce tana ganinka a kan WhatsApp ƙarfe biyu ƙarfe uku na dare tun kafin azumi ya kama, to ka ga ba za a ce jiran sahur kake ba. Ta kuma gaya min kana cigiyar motar da za ta kawo ka gida. Kar ka ji haushinta, ni na tsare ta da tambaya.

Maganar mota dai ban yarda ba, Abbanku ma bai yarda ba. Ka ji jawabin shugaban ƙasa na daren jiya, ku can Legas da Ogun da Abuja za a fara sassauta muku dokar kulle daga Litinin 4 ga Mayu, da sharaɗin sa takunkumi da dokar hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe, mu kuma Kano an ƙara rufe mu ruf na sati biyu, kuma an hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Masu tahowa a ɓoye cikin tirela a cakuɗe da kaya ai kana ganin yadda ake sauke su a shingaye. Kuma ko ka iso lafiya me ka tarar? Garin nan kullum sai ka ji an ce wane ya rasu, yawanci dattawa, ana ta bincike har yanzu. Kai matashi ne, kana iya ɗaukar abin a hanya ba ka ji komai a jikinka ba ka kawo wa Abbanku mai hawan jini da kakarka. Manzon Allah (SAW) ya ce in kun ji annoba a wani gari kar ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kar ku fita don guje mata. Sayyidina Umar ma da ya nufi Sham ya ji labarin annoba juyawa ya yi, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce eh, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Zamanka a ɗakin nan ba zaman banza ba ne, akwai hadisin Nana A'isha a Bukhari cewa wanda ya zauna a garinsa lokacin annoba yana mai haƙuri da neman lada, yana sane babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta, yana da lada irin na shahidi.

Amma gaskiya ba motar ce ta hana ni barci ba, abin da ya sa kake neman motar ne. Tun 30 ga Maris kana ɗaki ɗaya kai kaɗai, ba ofis, ba majalisa, ba jam'i, ga zafi, ga shi an ce albashi rabi za a ba ku, sannan ga fargabar ɓarayin da suka addabi wajajen Agege har mutanen unguwa suka koma kwana a titi suna ƙona taya suna gadi. Duk wanda aka sa a wannan hali dole ransa ya jagule. Ina so ka ji wannan daga bakina don na san mutanenmu, da ka ce kana cikin damuwa sai a ce maka raunin imani ne, ko a ce kai fa namiji ne. Ba haka ba ne wallahi. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idonsa ya yi fari, kuma Annabin Allah ne. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Shi kansa Manzon Allah yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, ka riƙe ta safe da yamma. Addu'a kam dole, amma a haɗa da sababi, kuma shekarun da na yi ina aikin jinya sun nuna min cewa mazan da suka fi shiru su ake kawo mana a makare. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa Babana.

Abin da na fi so ka gyara shi ne yininka ya samu tsari. Da can aiki ne yake tashinka, shi yake cewa yi wanka, fita, ci abinci, dawo, kwanta. Yanzu da babu shi sai dare da rana suka cakuɗe maka, ka kwana kana danna waya ka wuni kana barcin da ba ya gamsarwa, ka tashi da ciwon kai, kuma rashin barci shi kansa yana ninka damuwa, ƙaramin abu sai ka gan shi ƙato. Allah ya riga ya raba mana yini gida biyar, ka ɗora komai a kan salloli. Bayan Asuba ka yi karatunka, in gari ya waye ka buɗe taga da ƙofa ka fita tsakar gida ko baranda hasken safe ya taɓa ka ko na minti 15 ne, don da hasken nan jiki yake gane lokaci, shi yake sa barci ya zo da daddare. Ka yi wanka ka sa kaya masu kyau ko da ba inda za ka, ka gyara shimfiɗa, ka share ɗaki, kar ka wuni da gajeren wando da singileti a kan katifa. Barcin rana ka yi shi gajere wajen Azahar, kar ya kai ka La'asar. In rana ta yi sanyi kafin shan ruwa ka motsa jiki, zagayen tsakar gida, tsalle da igiya, duk abin da ka saba yi lokacin da kake ƙwallo, amma a hankali tunda da azumi a bakinka. Na san za ka ce Umma waɗannan ai ƙananan abubuwa ne, eh ƙanana ne, ka yi su sati ɗaya a jere tukunna sai mu yi magana.

Abinci kuma dan Allah ka daina haɗa sahur da buɗa-baki duk da indomi da lemon kwalba. Ranar da aka bari a fita kasuwa ka sayi wake da ƙwai da manja da kayan miya da lemon zaƙi, ka sha ruwa sosai tsakanin Magariba da sahur. Shayi mai kauri da kofi bayan Isha'i ka bar su, suna cikin masu ƙwace maka barci.

Sai waya. Ban ce ka jefar da ita ba don ita ce ta haɗa mu, amma abin da kake zuba wa ranka da ita da tsakar dare ya yi yawa, alƙaluman Italiya da Amurka, bidiyon maƙabarta, odiyon wani da ba a san ko waye ba yana rantsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da shawarar mutum ya duba labarin cutar nan sau ɗaya ko biyu a rana kawai, a wurin da aka amince da shi. Ka saurari BBC ko Muryar Amurka da safe, ka duba abin da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ta fitar, shikenan ya isa, abin da ya faru da daddare zai jira ka har gobe. Guruf ɗin da ba sa turo komai sai mutuwa da jita-jita ka rufe musu baki ko ka fita, ba rashin zumunci ba ne. Kana sakandare lokacin Ebola a 2014, ka tuna daren da aka dinga buga waya ana tashin mutane wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka kwankwaɗa, masu hawan jini suka kwanta asibiti har aka rasa rayuka, alhali cutar ko kusa da su ba ta zo ba. A watan jiya ma nan Legas ɗinku an kwantar da mutane saboda sun ɗirka wa cikinsu kulorokwin da suka ji an ce magani ne. Yanzu kuma ga masu cewa fasahar sadarwa ta 5G ce ta kawo cutar, ga masu cewa babu korona sam. Cutar gaskiya ce, ta ɗauke Abba Kyari da yake fadar shugaban ƙasa. Amma kuma gaskiya ne cewa kusan 80 cikin 100 na masu kamuwa ba ta yi musu tsanani, suna warkewa. Ka riƙe duka biyun, ka wanke hannu da sabulu, ka sa takunkumi, ka bar cunkoso, sauran ka bar wa Allah. In ka idar da asham ka sa wayar a caji nesa da katifa, agogon sahur zai tashe ka daga can ma.

Akwai abin da yayarka ta ce ka faɗa mata, wai wani dare ka ji ƙirjinka ya riƙe, zuciya na bugawa da ƙarfi, numfashi sama-sama har ka ɗauka cutar ce ta kama ka, can kuma ya wuce. Na sha ganin irinsa. Tsoro in ya taru yana fitowa a jiki haka, har da gumi da rawar hannu da jiri, yakan yi tsanani na 'yan mintuna sannan ya lafa. In ya sake zuwa ka tashi zaune, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi ta baki a hankali fiye da yadda ka ja, ka yi ta maimaitawa kana ambaton Allah, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Amma in da zazzaɓi da busasshen tari, ko numfashin ya ƙi daidaita, ko ciwon ƙirjin bai tafi ba, to wannan ba na zama ba ne, ka kira lambar da NCDC ke turowa ta tes ko ka nemi asibiti. Kuma ina roƙonka da girman Allah kar wani ya ba ka ƙwayar barci ko tiramol ko maganin tarin nan mai kodin wai don ka samu sauƙi. Ka san yaran da muka rasa a unguwar nan ta wannan hanya, da yawansu daga rashin barci da damuwa suka fara.

Na san abin da ya fi yi maka ciwo shi ne azumi babu jama'a, babu sahun asham, babu zaman tafsiri, ka sha ruwa kai kaɗai. Mu ma nan haka ne, Abbanku ne yake jan mu a falo. Ka kalli Harami a talabijin ka gani, liman ne da ma'aikata kaɗan, Umara ma an dakatar. Malamai da yawa suna tafsirinsu ta rediyo da Facebook, ka zaɓi ɗaya ka bi shi kullum a lokaci ɗaya. Kullum kana cewa aiki ya hana ka gyara haddarka, to ga lokaci ya samu. Auta ta tsaya a izu biyar tunda an rufe Islamiyya, na ce mata kai za ka dinga karɓar haddarta ta waya bayan La'asar, ta yi murna sosai, kar ka ba ta kunya. Ina so a ce kullum akwai wanda yake jiranka.

Kuma ka leƙa maƙwabtanka. Ba sai kun zauna kun cakuɗu ba, sallama daga bakin ƙofa ta isa, Musulmi ne ko Kirista, Bayerabe ne ko Inyamuri. Masu gadi da 'yan acaba da masu wankin takalmi 'yan uwanmu da suke cin abinci daga fitar yau, su kullen nan ya fi kwantarwa. In ka dafa wake ka ƙara gwangwani ɗaya ka miƙa wa wani a leda lokacin shan ruwa. Abokanka ma ka kira su da murya, ba rubutu kawai ba, musamman wanda ka ga ya yi shiru kwana biyu.

Batun kuɗi, Abbanku ya ce in gaya maka ka dakatar da abin da kake turowa duk wata har abubuwa su daidaita. Muna da hatsi, fansho na shigowa, ba mu rasa komai ba. Ka zauna ka rubuta abin da ke hannunka da abin da dole ka kashe a takarda, lissafin da ke yawo a ka da daddare ya fi na takarda ban tsoro. In bai kai ba ka faɗa, ba abin kunya ba ne ɗa ya nema a gidansu.

In ka ga an kai sati biyu ranka a ɓace kusan kullum, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, abinci ya fita a ranka, barcin bai gyaru ba duk da ka gwada abin da na faɗa, to lokacin ganin likita ya yi, ciwo ne kamar hawan jinin Abbanku kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, masu rashin barci da damuwa ma suna zuwa su koma aikinsu. In kuwa ka taɓa jin zuciyarka na raya maka gara mutuwa, ko ka cutar da kanka, kar ka jira sati biyu, kar ka jira safiya, ka kira ni a take ko yayarka, ba zan yi faɗa ba, ba kuma zan yi maka kuka a waya ba.

Daga gobe in an kira Magariba a nan za mu jira ka tunda kuna bayanmu da 'yan mintuna, sai ka kira bidiyo mu sha ruwa tare, na sa an saka maka data ɗazu. Kakarka ta ce sai ta ga fuskarka za ta yarda kana cin abinci, don haka ka tsefe gashin nan kafin ka kira. Ka turo min amsa in ka karanta, ko layi biyu ne, ka gaya min ƙarfe nawa ka yi barci jiya.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai, ya yaye mana wannan annoba.

Ummanka
Kano, 28 ga Afrilu, 2020