Don Allah a waiwayi tarihin Studebaker, motar da ta fito daga maƙera

Malam Edita, assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka.

Na saurari shirinku na tarihin mota da kuka sa a makon jiya, kuma gaskiya na ƙaru, Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai har na kasa yin shiru, tun daga farkon shirin har ƙarshe Ford ake ta kira, Ford kaza Ford kaza, wanda bai sani ba sai ya ɗauka kafin Henry Ford babu kowa a harkar nan a Amurka. Ni bakanike ne, mahaifina kuma maƙeri ne Allah ya jiƙansa, a gindin zuga-zugi na tashi, shi ya sa labarin kamfanin Studebaker yake taɓa ni fiye da na kowane kamfani, kuma ina roƙo ku ba shi fili nasa na kansa.

Kamfanin Ford a 1903 aka kafa shi. Su kuwa waɗannan tun 1852 suka buɗe maƙera a garin South Bend na jihar Indiana, 'yan'uwa biyu Henry da Clement Studebaker, jarinsu gaba ɗaya dala 68. Babansu ma maƙeri ne mai haɗa keken doki, ka ga gado ne. Abin da suke yi shi ne ƙofaton ƙarfe na dawaki da gyaran amalanke, in an samu mai so su ƙera masa sabuwa. To akwai ƙanensu John, shi ya tafi Kalifoniya lokacin da ake rububin haƙar zinare, amma maimakon ya shiga rami sai ya zauna yana ƙera wa masu haƙar baro, baro dai wannan da muke tura kaya da shi a kasuwa, da shi ya tara dala 8,000 ya dawo gida a 1858 ya zuba a sana'ar 'yan'uwansa ya sayi kason Henry. Shi Henry mutum ne mai riƙo da addininsa kuma ɗariƙarsu ba ta yarda da yaƙi ba, zuciyarsa ba ta kwanta da yi wa soja kekuna ba sai ya koma gona, ni dai ina ganin girmansa a kan wannan. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 su suka riƙa yi wa sojan Arewa kekunan ɗaukar kaya, daga nan kasuwa ta buɗe har suka zama cikin manyan masu ƙera keken doki a duniya.

Wurin da na fi so masu sauraro su ji shi ne nan. Da mota ta fito, masu keken doki da yawa sun raina ta har ta binne su, amma waɗannan sun shiga, kuma surukin John mai suna Fred Fish shi ya matsa a kan a shiga. Motarsu ta farko a 1902 ta lantarki ce mai batir, wallahi duk wanda na faɗa wa haka a gareji sai ya riƙe baki, saboda yaran yanzu gani suke motar lantarki jiya aka ƙirƙiro ta. Ta fetur sai a 1904, nan ma ba su yi gaggawa ba, inji da ƙashin motar daga kamfanin Garford na Ohio suke karɓa su kuma su ɗora bodi tunda bodi dama aikinsu ne. Daga baya suka haɗiye kamfanin E-M-F na Detroit, keken doki kuwa ba su daina ba sai 1920.

Sai zamanin masu silinda shida, Light Six da Special Six da Big Six, a 1927 kuma suka canza sunaye zuwa President da Commander da Dictator. Wannan ta ƙarshen ma'anar sunanta mai mulkin kama-karya, su nufinsu ita za ta shimfiɗa wa sauran motoci doka, amma da Hitler da Mussolini suka addabi Turai sunan ya zama abin kunya, bayan 1937 suka jefar da shi.

Faɗuwarsu ta farko ba daga inji ta zo ba, daga ofis ta zo. Shugabansu Albert Erskine ya sayi kamfanin motocin alfarma na Pierce-Arrow a 1928, tattalin arziki ya karye a 1929 amma ya ci gaba da raba wa masu hannun jari riba mai tsoka alhali ciniki ya tsaya, yana zaton abin ba zai daɗe ba. A watan Maris na 1933 kamfani ya kasa biyan bashi kotu ta karɓe ragamarsa, bayan 'yan watanni shi Erskine ya kashe kansa, abin tausayi ƙwarai. Paul Hoffman da Harold Vance su suka tashi kamfanin, ƙaramar motarsu Champion ta 1939 mara shan mai ita ta dawo musu da numfashi.

A yaƙin duniya na biyu sun ƙera babbar motar soja US6 kusan guda 200,000, mafi yawansu Tarayyar Sobiyet aka kai wa, har a bayan motocin Rashawa suka riƙa ɗora makaman roka na Katyusha. Bayan yaƙi kuma sun riga manyan kamfanoni fito da sabon fasali, ta 1947 gilashin bayanta zagaye yake har mutane suna tambaya wai ina gaba ina baya, ta 1950 kuma hancinta kamar na jirgin sama, ofishin mai zane Raymond Loewy ne yake musu aikin, ku nemi hotonta ku gani don Allah.

Abin da ya gama da su shi ne gasar karya farashi tsakanin Ford da Chevrolet a 1953 da 1954, giwaye biyu suna faɗa ciyawa ta sha wuya, su kuma Studebaker masana'antarsu ta tsufa kuɗin ƙera kowace mota ya fi na abokan gasa, ba za su iya rage farashi haka ba. Suka haɗe da kamfanin motoci na Packard a 1954 bai yi magani ba, sunan Packard ma ya mutu a 1958. Lark ta 1959 ta ɗan kawo kuɗi kafin manyan su fito da nasu ƙananan motocin su ƙwace kasuwar, Avanti ta 1962 mai bodin faiba da birkin faranti a gaba kowa ya yaba amma ba a iya fitar da ita da yawa a kan lokaci ba. A Disamba 1963 aka rufe masana'antar South Bend dubban ma'aikata suka rasa aiki ana gab da Kirsimeti, ta Hamilton a Kanada ta ja zuwa Maris 1966, shekara 114 daga buɗe maƙerar.

Malam Edita, ko minti ashirin ne ku ware musu a shiri na gaba, kuma in da hali a sa shi bayan isha'i, lokacin ne mu masu aikin hannu muke samun zama kusa da rediyo, ni kuma zan tara yaran garejinmu mu saurara tare.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro a kullum, daga Kano.