Rahoton Kwamitin Aikin Jan Wayar Majigi a Zauren Taro

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa, duk waɗanda suka sa hannu a aljihu don wannan aiki.

Tun da aka kammala aikin muke jin magana tana yawo, wasu a gabanmu wasu a bayan idonmu, wai kwamiti ya sayi waya sau biyu, wai an karɓi kuɗin waya sai ga wasu akwatuna biyu an maƙala. Haka ne, mun sayi waya sau biyu, kuma akwatunan suna nan. Rasidan komai suna hannun ma'aji, duk mai son gani ya je ya gani, ba sai ya nemi izinin kowa ba.

A farko babu gardama. An yarda a rataye majigin a silin, teburin kwamfuta ya koma bayan zaure kusa da na'urar sauti, waya kuma ta bi ta cikin bututu maimakon ƙasa inda ake tuntuɓe da ita.

Daga tebur zuwa majigi, in aka ja igiya a miƙe, mita 17 ne. Sai dai waya ba ta tafiya a iska. Dole ta hau bango, ta ratsa silin, ta kauce wa ginshiƙai biyu, ta sauko, ya zama mita 28. Muka sayi wayar HDMI, wato wayar da ke kai hoto da sauti daga kwamfuta zuwa majigi, mai mita 30. Kafin a ja ta mun shimfiɗa ta a ƙasa mun gwada da kwamfutar sakatare, hoto ya fito tas. Yini guda aka yi ana janta, saboda kan HDMI faffaɗa ne, yana maƙalewa a kowace kwana ta bututu, har sai da aka fasa wuri ɗaya. Ranar taron farko sai ga fararen ɗigo suna ƙyalli a allo kamar taurari, can allon ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku ya dawo. Da baƙon da muka gayyata ya haɗa tasa kwamfutar, ko inuwa ba ta fito ba. Waɗanda suka halarta sun ga yadda muka yi zuru-zuru.

Daga baya muka gane dalili. Wayar HDMI ta jan ƙarfe zalla, wadda ba ta da abin ƙara ƙarfin sigina a cikinta, abin dogaro ce zuwa mita 10 ko 15. Bayan nan sai sa'a, ya danganta da ƙarfin kwamfutar da nauyin hoton da take turawa. Kwamfutar sakatare tsohuwa ce, hotonta ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsaye ne, kaya mara nauyi. Sababbi kuwa suna tura 1920 da 1080, sau 60 a kowace daƙiƙa, wayar ta kasa ɗauka. Mun yarda ya kamata mu gwada da kwamfuta fiye da ɗaya. Amma kwalin wayar ya rubuta cewa tana ɗaukar wannan hoton, kuma a zaman da aka amince da sayenta, cikin masu ƙorafi yanzu babu wanda ya ɗaga hannu. Mai sayarwa ya ƙi karɓarta tunda bututu ya karce ta. Tana nan a sito, ba ta gidan kowa.

Sai maganar akwatunan, wadda ta fi jawo surutu. Wani ya ce me ya hana mu koma VGA, tsohuwar wayar hoto mai araha. VGA tun 1987 take, ba ta ɗaukar sauti, in ta yi tsawo rubutu yana yin inuwa biyu, kuma yawancin kwamfutocin yanzu ba su da ramin da za a soka ta. Wani ya ce a tura hoton ta iska babu waya. Mun aro irin wannan na'ura mun gwada: rubutu yana tafiya daidai, bidiyo kuwa yana ƙinƙina, baki ya motsa murya ta biyo daga baya. Akwai HDMI mai zaren gilashi da ke kai nisa sosai, amma hanya ɗaya take bi, kai ɗaya na kwamfuta ɗaya na majigi, in aka ja ta a juye sai an sake zarewa. In kuma kanta ya lalace ba a iya sauya shi, ga kwanonin bututunmu da suka riga suka ba mu wahala.

Shi ya sa muka tsaya a kan tsarin HDBaseT. Akwati ɗaya yana karɓar hoto daga kwamfuta ya tura shi ta wayar Cat6, irin wadda ake haɗa intanet da ita, ɗayan ya karɓa a sama ya miƙa wa majigi ta gajeriyar HDMI. Tsarin ya fito a 2010, yana kai wa mita 100. Ana jan Cat6 babu kai, sai ta isa a matsa mata kan, don haka ta wuce bututu ba gardama. Gobe in akwati ya mutu, a cire a sa wani, ba a taɓa silin ba.

Ko a Cat6 ɗin an ce mun ɗauki mai tsada. Mai aikin ya kawo guntaye biyu gabanmu ya kankare su da wuƙa. Ɗaya ja ne har ciki, ɗayan da aka kankare sai ga fari, alminiyum ne aka shafe da jan ƙarfe. Irinsa yana saurin karyewa, ba ya ɗaukar wuta sosai, alhali akwatinmu na sama ta cikin wannan wayar yake samun wutarsa. Mun kuma ware mata bututunta daban da na lantarki. A wannan karon kwamfutoci biyar muka gwada, muka bar bidiyo awa uku yana tafiya, ko ƙyaftawa allon bai yi ba. Roƙo ɗaya: kada wani ya zare wannan waya ya soka a na'urar intanet don ya ga kansu iri ɗaya ne, ba aikinsu ɗaya ba.

Godiya ta musamman ga mahaifiyarmu da ta ce kar a ambaci sunanta. Ranar da asusu ya ƙare muna tsaye da waya mara amfani, ita ta aiko da kuɗin akwatunan biyu cif, ba ta tambayi laifin wa ba. Allah ya saka mata da mafificin alheri, ya albarkaci zuri'arta. Haka babanmu da ya ba mu aron doguwar tsani da motarsa har mako biyu, ya kuma riƙa leƙowa da kansa yana ƙarfafa mana gwiwa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Samarin da suka shiga cikin silin da zafinsa da ƙurarsa, mun gode.

Aiki dai bai ƙare ba. Majigin ba shi da na'urar riƙe wuta. Fitilarsa tana buƙatar fanka ta ci gaba da juyawa bayan an kashe, duk lokacin da wuta ta ɗauke farat ɗaya kwananta ne ke raguwa, kuma fitilar ba ƙaramin kuɗi ba ce. Silin uku da aka buɗe har yanzu a buɗe suke, wurin da aka fasa a bango ba a yaɓe ba. Mun ja Cat6 ta biyu ta ajiya tare da ta farko, amma ba a sa mata kai ba. Mai niyya ya ga ma'aji, wanda kuma ya fi son ya sayo kayan da kansa ya kawo, sakatare zai rubuta masa irin wanda ake buƙata.